Kundin Aikin Ciyarwa na Matan Unguwarmu a Agege

Asabar, 10 ga Fabrairu, 2024

A yau ne matan unguwarmu suka zauna bayan an tashi daga makarantar Islamiyya, suka amince a ware wani ɓangare na adashin da muka daɗe muna yi ya zama asusun abinci, aka kuma ɗora mini nauyin rubuta duk abin da aka yanke da duk abin da aka aiwatar. Dalilin zaman ba ɓoyayye ba ne ga duk mai zuwa cefane. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma da yake mafi yawan hatsi da kayan miya da dabbobin da ake ci a Legas a mota suke zuwa daga Arewa, kuɗin motar ya shige cikin kowane kwanon masara da kowane kwandon tumatir. Ita kanta Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a watan Yulin bara. Mu nan akwai wani ciwon da ya riga wannan, wato hana acaɓa da Gwamnatin Legas ta yi a shekarar 2022 a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya sa magidanta da yawa suka rasa sana'a, wasu suka tafi nema wani gari suka bar mata da yara a ɗakin haya.

Bayan kuɗin adashi, an yarda kowace mace idan za ta ɗora tukunya ta ware dintsi ɗaya na abin da za ta dafa, shinkafa ce ko wake ko gari, ta tara a roba, a karɓa ranar Juma'a. An kuma yi ittifaƙi cewa ba za a tambayi mabuƙaci ƙabilarsa ko addininsa ba, domin a Agege ɗakin Bahaushe da na Bayarabe bango ɗaya ne ya raba su.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, 2024

Ma'ajiya da mata biyu sun je kasuwar Mile 12 da sassafe, lokacin da manyan motoci ke sauke kaya, sun gana da wasu dattawan 'yan gwari. Sun amince su riƙa ware mana tumatir da tattasai da suka ɗan fashe a hanya a kan farashi mai sauƙi. Mun gindaya wa kanmu sharaɗi cewa wanda ya fashe kawai za a karɓa, banda wanda ya ruɓe ko ya yi funfuna, kuma a ranar za a wanke, a markaɗa, a tafasa shi har ruwansa ya tsotse. An kuma tsayar da cewa duk lissafin hatsi da bokitin fenti za a riƙa yin sa, kamar yadda ake awo a kasuwannin nan, saboda wasunmu da mudu suka saba, wasu da tiya, kuma hakan ya fara kawo saɓani a littafin ma'ajiya.

Alhamis, 14 ga Maris, 2024 (4 ga Ramadan, 1445)

Mun fara rabon buɗe-baki ranar Litinin, ranar da aka ɗauki azumi. Ana dama kunun tsamiya, a soya ƙosai, a dafa shinkafa da wake, a raba a harabar makarantar Islamiyya kafin Magariba. Tun a watan Janairu Gwamnatin Legas ta haramta farar robar kumfa da ake zuba abinci a ciki, don haka muka sanar cewa kowa ya zo da kwanonsa, abin da ya rage mana kashe kuɗi, ya kuma rage sharar da ke toshe magudanar ruwa.

Abinci yana ƙarewa kullum kafin layi ya ƙare. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ke kan layin. Gaban layi na samari ne masu ƙarfi, 'yan dako da masu tura baro, kuma ba na cewa ba su da buƙata, domin su ma da azumi suke wuni suna ɗaukar kaya a rana. Sai dai yara da tsofaffi a baya suke ƙarewa. Yau na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, goye da ƙaninta, ta samu da ƙyar aka zuba mata kunu a wata 'yar roba marar murfi, tana juyawa aka bangaje ta, rabin kunun ya zube a ƙafarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma koma neman ƙari ba, sai ta dafe bakin robar da tafin hannunta duk da zafin kunun, ta riƙa tafiya a hankali tana bin gefen kwata. Na tambayi gidansu, an nuna mini.

Lahadi, 24 ga Maris, 2024

Gwamnatin jiha ta buɗe kasuwannin rangwame na ranar Lahadi da ta sa wa suna Ounje Eko, inda ake rage kashi 25 cikin 100 a kan kayan abinci irin su shinkafa da wake da garin rogo. Mun tura mata sun sayo abin da aka ba su damar saya. Rangwamen ya taimaka, amma wanda ke da abin saye a hannu ne yake cin moriyarsa, mu kuwa yawancin waɗanda muke nema ba su da ko na motar zuwa.

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Wannan ne zama mafi tsawo da muka yi tun da aka fara, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci. Bayan Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga wata, ni da shugabar ƙungiya mun ziyarci mahaifiyar yarinyar nan. Ɗaki ɗaya ne a cikin dogon gidan haya mai ɗakuna a jere suna fuskantar juna. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa, ta ce lafiya lau, sai godiya. Ɗakin a share yake tsaf. A jikin bango akwai kanta inda aka taɓa jera kwanukan aurenta, saura guda biyu a kai, amma zagayen gindin sauran yana nan a jikin katakon, layi-layi, tun daga manya har ƙanana. Ba ta ce mana komai a kai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Daga baya maƙwabciyarta ta shaida mana cewa ɗaya bayan ɗaya take bai wa dillaliya tun da mai gidan ya tafi, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa fita ta tsaya a layin rabo ba.

Da na ba da wannan labari a zaman yau, wata dattijuwa da duk muke kira Inna, wadda a Agege aka haife ta tun zamanin da iyayenta ke fataucin goro, ta dube ni ta ce: "'Yata, wadda yunwa ta fi ci ba za ki gan ta a layi ba. Ta gwammace ta kwana haka da a ce an gan ta da kwano a bainar jama'a." Sai ta juya ga shugaba ta ce: "Hajiya, in don Allah muke yi, mu ne za mu je wurinsu."

An yi muhawara mai zafi. Wasu sun ce rabon fili ya fi sauƙi, kowa yana gani, babu mai zargin an karkatar da kaya. Wasu sun kawo maganar masu ba mu gudummawa, waɗanda wasunsu ke son a turo musu hoton rabo a WhatsApp domin su tabbatar kuɗinsu ya isa. Duka hujjojin suna da nauyi, kuma ban raina su ba. Amma ni ina tare da Inna, domin abincin da sai mace ta sayar da mutuncinta za ta same shi ba zai taɓa kaiwa ga irin wannan baiwar Allah ba, kuma ita da 'ya'yanta ne dalilin kafa asusun tun farko.

Ga abin da aka yanke. An daina rabon layi, sai dai tukunyar buɗe-baki a watan azumi ga masu wucewa. Daga yanzu ɗanyen abinci za a riƙa kaiwa gida, kowane mako biyu, bayan Magariba, a cikin jakar cefane, kamar yadda mace ke shiga gidan ƙawarta ziyara. Kowace mamba za ta kula da gidajen layinsu, tun da ita ta san wadda hayaƙi ya daina tashi a murhunta. Sunayen gidajen suna hannun mutum uku kawai, shugaba da ma'ajiya da ni, a wannan kundi kuwa lamba za a riƙa sa wa kowane gida. Ba za a ɗauki hoton kowa ba. Domin kare amana, mata biyu ne za su riƙa kai kaya tare, ma'ajiya kuma za ta karanta shige da fice a gaban kowa duk ƙarshen wata, kuma duk mai gudummawar da ke son gani ana maraba da shi ya zo ya duba littafi da rasiɗai. Mun fara da gida 23.

Talata, 18 ga Yuni, 2024

An yi Babbar Sallah shekaranjiya. Bana masu layya sun ragu ƙwarai a unguwar, amma waɗanda Allah ya hore wa sun aiko da kason sadaka ta hannunmu maimakon a raba a ƙofar gida. Jiya mun wuni muna suya, muka soya naman ya bushe sosai a cikin kitsensa yadda zai yi makonni bai lalace ba, tun da babu gidan da za mu kai wa da ke da firiji, ko da akwai ma wutar ba abin dogaro ba ce.

Tumatir kuwa ya gagari kowa. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta yi ɓarna a gonakin Kano da wasu jihohin Arewa, ga shi kuma lokacin da kayan rani ke ƙarewa, don haka ko fasasshen da ake ware mana a Mile 12 ya fi ƙarfin asusunmu. Mun aika an sayo mana kauɗar tumatir da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa daga Kano, wani direban babbar mota mijin ɗaya daga cikinmu ya kawo ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, Allah ya saka masa da alheri. Maƙwabtanmu Yarabawa da ke cikin jerin gidajen ba su saba da miyar kuka ba, su manja da garin rogo aka ƙara musu a madadinta.

Alhamis, 4 ga Yuli, 2024

Ruwan da aka wuni ana yi jiya ya mamaye sassa da dama na Legas, ya kuma shiga ɗakin da muke ajiya, ya jiƙa ƙasan buhun gari guda. An kwashe sauran, an sa kafinta ya buga dakali na katako mai tsawo, kuma daga yau babu buhun da zai sake taɓa ƙasa. Da yake tun watan jiya hukumomin lafiya na jiha suka sanar da ɓarkewar kwalara, mun ƙara sabulu a cikin kowace jaka, masu kai kaya kuma suna tunatar da iyaye yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa bai wa marar lafiya a kan hanyar zuwa asibiti, ba a madadin zuwa ba.

Asabar, 17 ga Agusta, 2024

Zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga wata ta sa mun jinkirta kai kaya da 'yan kwanaki, yanzu an koma daidai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a watan Yuni. An kuma sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sai dai a cikin gidajen da muke kai wa, waɗanda yanzu suka kai 41, babu ko ɗaya da ke cin albashi.

Shiga gidaje ya nuna mana abin da layi ba zai taɓa nunawa ba, wato halin da ƙananan yara ke ciki. Shinkafa da gari suna cika ciki, amma ba sa gina jikin yaron da aka yaye. Ɗaya daga cikinmu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo mana igiyar awon damtse mai launi uku da ake gwada yara 'yan wata 6 zuwa wata 59, ta koya wa masu kai kaya yadda ake zagaya ta a tsakiyar damtsen hagu ba tare da an matse ba. Idan awon ya yi ƙasa da santimita 11.5, wato ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, yaron yana bakin haɗari. Ta kuma nuna mana yadda ake danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, idan wurin ya lotsa bai taso da wuri ba, wannan kumburi ne na tamowa, ko da kuwa yaron yana kama da mai ƙiba.

Mun samu yara biyu a ja, kuma washegari aka raka iyayensu asibiti, asusu ya biya kuɗin mota. Malamar ta ja kunnenmu sosai cewa irin waɗannan ba aikinmu ba ne, na likita ne. Namu shi ne 'yan ruwan ɗorawa, kada su gangara. Saboda su muka fara haɗa garin kunun nan da ake kira Tom Brown: awo shida na hatsi, gero da dawa da masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. Ana jiƙa waken suyan, a wanke, a shanya, a soya shi sama-sama a cire ɓawon, a soya gyaɗar ita ma, sannan a haɗa a kai inji. Tsintar gyaɗar ce ta fi cin lokaci, domin duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta yanƙwane zubar da ita ake yi, saboda gubar da ke cikinta ba ta mutuwa da wuta.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024

Litar fetur ta kai kusan naira 1,000 a wannan watan, gas ɗin girki ma ya tashi, har wasu gidajen suna karɓar wake su ajiye saboda babu abin dafa shi. An yarda a riƙa haɗa ƙullin gawayi a cikin kaya.

An kuma fara ba da jari, bashi marar ruwa, ga mata shida da suka nuna sha'awar sana'a, huɗu awara, ɗaya ƙosai, ɗaya ƙuli-ƙuli. Wasu sun so a cire waɗannan gidaje daga jerin masu karɓar abinci nan take domin a sa wasu a gurbinsu. Na ƙi goyon bayan haka, kuma na ji daɗi da mafi yawa suka ƙi. Uwar da 'ya'yanta ke kukan yunwa ba za ta iya riƙe jari ba, cinye shi za a yi cikin mako guda, kuma babu mai ganin laifinta. An tsayar cewa za a ci gaba da kai musu abinci wata uku, sannan a duba.

Lahadi, 22 ga Disamba, 2024

Da baƙin ciki nake wannan rubutu. Ranar Laraba yara 35 suka rasu a turmutsutsu a wani taron rabon kyaututtuka a Ibadan. Jiya Asabar kuma mutum 10 suka rasu a wurin rabon abinci a wata coci da ke Maitama a Abuja, wasu 22 a Okija ta Jihar Anambra wajen rabon shinkafa. Yawancinsu mata ne da yara. Waɗanda suka shirya tarukan alheri suka nufa, kuma waɗanda suka fita tun kafin asuba ba kwaɗayi ne ya fitar da su ba, yunwa ce. Mun yi addu'a a zaman yau, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bai wa iyalansu haƙuri.

Wani bawan Allah ya yi mana alƙawarin buhu goma na shinkafa a ƙarshen shekara, da sharaɗin a tara jama'a a raba a gabansa. Shugaba ta je ta same shi da kanta, ta ce masa: "Alhaji, mun gode, Allah ya ƙara buɗi, amma mu ba ma tara mutane. In ka amince, ka turo wakilinka ya ga awo, ya ga littafi, mu kuma mu kai wa masu shi har ɗaki." Ya nemi a ba shi lokaci, jiya da dare kuma ya aiko da shinkafar ba tare da wani sharaɗi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Asusun ya cika shekara a wannan watan, kuma ana sa ran ɗaukar azumi a farkon Maris. Farashin hatsi ya ɗan sauka idan aka kwatanta da tsakiyar bara, don haka muka haɗa abin da ke hannu muka aika kasuwar Dawanau a Kano aka sayo gero da wake da yawa. Waken an zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke hana iska shiga, ƙwari su mutu da kansu, saboda mun haramta wa kanmu zuba maganin ƙwari a abincin da yara za su ci.

Yaran nan biyu da aka kai asibiti sun fita daga ja, ana ci gaba da auna su duk wata. Daga cikin mata shida masu jari, huɗu sun fara biya, biyu daga cikinsu ma da bakinsu suka ce a ba wasu gurbinsu, har ɗaya ta fara kawo nata dintsin ranar Juma'a. Ɗaya rashin lafiya ya cinye jarinta, an yafe mata. Ɗaya kuma ta koma gida Katsina wurin iyayenta, asusu ya cika mata kuɗin mota.

Gidajen da ke kan jeri yanzu 47 ne, akwai kuma 9 da mambobi suka kawo sunayensu waɗanda abin da ke shigowa bai kai a ɗauke su ba tukuna. Ma'ajiya ta lissafa cewa idan aka taƙaita tukunyar buɗe-baki ta bana ga kunu da ƙosai kawai, aka bar shinkafa, za a iya ɗaukar biyar daga cikinsu. An amince da hakan. Sauran huɗun, shugaba da Inna za su je wurin limamin masallacin Juma'a ranar Litinin su roƙi a ware musu wani abu daga zakkar da attajiran unguwa ke fitarwa a watan azumi, kuma kafin nan an raba su ga mambobi huɗu da suka ɗauki nauyin aika musu abincin sahur daga tukwanensu.